"An bar masa ƙarfe a ciki": fashin baƙi kan kilif ɗin da ake tsayar da jinin ciki da shi ba tare da yanka ba

Shin da gaske likita zai iya tsayar da jinin da ke zuba a cikin tumbin mutum ba tare da ya tsaga cikin ba? Idan kuma da ɗan ƙarfe yake tsayar da shi, ina ƙarfen yake zuwa daga baya? Tambayar da ta riƙa raba dare ke nan a majalisarmu ta unguwar Yelwa a Garwa, tun ranar da aka sallamo baffana daga asibiti.

Baffa direban babbar mota ne. Ya fi shekara 20 yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundere zuwa Kuseri, wani lokaci ya haye gada ya sauke a Injamena. Hanya ta cinye masa baya, sai ya riƙi ƙwayar diklofenak abokiyar tafiya, biyu da asuba da shayi, biyu da dare, babu takardar likita. Kwana uku yana ganin bayan gidansa baƙi wuluk kamar kwalta, da wani wari na daban, ya ce basir ne. A rana ta huɗu yana miƙewa daga alwala jiri ya kwashe shi. Aka yi masa ƙarin jini leda biyu, aka zura masa na'ura ta baki, aka ga gyambo a farkon ƙaramin hanji da kan jijiya a tsakiyarsa, aka damƙe jijiyar da kilif biyu. Bayan kwana biyar yana gida, babu ɗinki ko ɗaya a jikinsa.

Goggo ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, kai ka yi karatu, gaya mini tsakaninka da Allah. Wannan ƙarfen da suka bar wa baffanka ba zai yi tsatsa ya ruɓar masa da hanji ba?" A waje kuma magana ta rabu biyu. Wasu suka ce rabin aiki aka yi masa, tunda ba a buɗe shi an gyara ba. Wasu suka ce olsa ta tafi ke nan har abada, ya koma kan motarsa da ƙwayarsa. Duka ɓangarorin sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyun shi ne wanda yake kashe mutane.

Na'urar da ke leƙa ciki

Kafin kilif sai an fahimci abin da yake kai shi wurin. Wani dogon bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, a kansa akwai fitila da ƙaramar kyamara. Likitoci suna kiransa endoskop, a asibitocinmu na Kamaru da Cadi kuma za ka fi jin ana cewa za a yi wa mutum fibroskopi. Mara lafiya yana kwanciya a kan haƙarƙarinsa na hagu, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ba shi allurar barci mai sauƙi, a sa masa roba tsakanin haƙora, sannan a bi da bututun ta maƙoshi zuwa tumbi har farkon ƙaramin hanji. Likita yana kallon komai a allo. Akwai wani mai tsawo da ake shigarwa ta dubura don duba babban hanji.

Wanda ya fara haɗa irin mai lanƙwasa ɗin wani likita ne haifaffen Afirka ta Kudu, Basil Hirschowitz, a jami'ar Michigan ta Amurka a 1957, kuma a kansa ya fara gwadawa, ya haɗiye shi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa a cikin bututun akwai wata siririyar hanya, faɗinta a yawancin na'urori milimita 2.8 ne. Ta nan ake tsotse jini da ruwa, ta nan kuma ake zura kayan aiki. Duk abin da zai bi ta wannan hanya ya isa tumbi, to an huta da wuƙa.

Shi kansa kilif ɗin

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san awartaki. To a ƙaddara awartaki ne da aka ƙanƙantar har ya zama tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, aka ɗaura shi a kan doguwar waya. Ana zura shi bakinsa a rufe. Idan ya leƙo a cikin tumbi, mataimakin likita ya buɗe bakin daga waje, a juya shi ya daidaita da jijiyar, a danna shi a kan naman, a rufe. Idan likita ya ga kamun ya yi, sai a saki kan, ya rabu da wayar ya zauna a wurin yana matse da jijiyar. Na zamani ana iya buɗe su a sake rufewa sau da yawa kafin a saki, wanda ya rage asara ƙwarai, domin a da idan ka kama wurin da ba shi ba ne, kilif ɗin ya tafi ke nan.

Aikinsa daidai yake da na hannun da ya danne rauni. Ba ya ƙona nama, ba ya zuba magani, matsewa kawai yake yi har jini ya daskare a cikin jijiyar, naman da ke kewaye ya fara haɗewa.

A Japan aka fara shi, likita Hayashi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1975. Na farkon yana da wuyar sarrafawa, sai da aka yi ta gyara shi tare da kamfanin Olympus, sannan likitocin birnin Hamburg na Jamus, ƙarƙashin Nib Soehendra, suka yaɗa shi a Turai a farkon shekarun 1990.

Akwai iri na biyu, babba, wanda ba ya bi ta siririyar hanyar. Shi ana ɗora shi ne a kan wata hula a bakin na'urar, a buɗe, haƙoransa kamar tarkon ƙarfe na mafarauta. Likita ya tsotso naman cikin hular, ya murza wani ɗan gargare da ke wurin hannunsa, kilif ɗin ya tsalle ya cije naman gaba ɗaya. Kamfanin Ovesco na garin Tubingen a Jamus ya ƙera shi, aka fara ba da rahoton amfani da shi a jikin mutane a 2007. Da wani gaurayen ƙarfe ake yinsa, nikel da titaniyam, wanda komai aka buɗe shi sai ya koma siffarsa ta asali. Yana kamun nama mai yawa da zurfi, kuma ya ninka ƙaramin tsada.

Wane jini yake tsayarwa

Babban aikinsa gyambon ciki ne, abin da muke kira olsa. Gyambon yana cin bangon tumbi ko na farkon hanji a hankali har ya taras da jijiya. Idan jinin ya yi yawa mutum ya yi aman jini ja, ko amai mai kama da garin kofi. Idan ya bi ta ƙasa ne sai ya narke ya fito baƙi, kamar na Baffa.

Ba kowane gyambo ake sa wa kilif ba, kuma a nan ne dangi sukan yi fushi da likita, su ce an zura na'ura an fito ba a yi komai ba. Tun 1974 wani likita mai suna Forrest ya karkasa gyambon da ya yi jini bisa kamanninsa, har yau da wannan rabon ake aiki. Wanda aka tarar yana tsartuwar jini ko yana tsatsafowa, idan aka bar shi, fiye da rabin irinsa za su ci gaba ko su sake zuba. Wanda jinin ya tsaya amma ana ganin kan jijiya a tsakiyarsa, kusan 4 cikin 10 za su sake. Wanda gindinsa ya yi fari tas, babu jijiya babu guda, kimanin 5 cikin 100 ne kawai. Na farko da na biyu su ne na kilif. Na ƙarshe magani ya ishe shi, sau da yawa ma a sallami mutum da wuri. Likitan da ya ga farin gindi ya janye hannunsa ya yi daidai.

Sau da yawa ana fara yin allurar adirenalin da aka tsarma a kewayen gyambon, jijiyoyi su tsuke, jini ya lafa, ido ya ga wuri. Amma ƙungiyoyin likitocin ciki na Turai da Amurka sun yi ittifaƙi cewa allurar ita kaɗai ba ta wadatar, domin ƙarfinta yana gushewa, sai an bi ta da kilif ko a ƙona jijiyar da wani ƙarfe mai zafi. Kilif da ƙonawa kuwa sakamakonsu ya yi kusa da juna. Fifikon kilif shi ne ba ya ƙara wa nama rauni. Rauninsa kuma shi ne tsohon gyambo, wanda gindinsa ya taurare kamar ƙirgi, ƙaramin kilif sai ya zame. Haka nan akwai lunguna masu wuyar kaiwa, musamman bangon baya na farkon hanji, inda wata babbar jijiya take wucewa.

A irin wannan wuri ne babban kilif ya nuna kansa. A wani bincike da aka yi a asibitocin Jamus da Suwizalan da Hong Kong aka wallafa a 2018, an ɗauki mutum 66 da gyambonsu ya sake jini bayan an tsayar da shi karon farko. Waɗanda aka yi wa aikin da aka saba, kusan 58 cikin 100 jinin bai tsaya ba ko ya dawo. Waɗanda aka sa wa babban kilif, kimanin 15 cikin 100. Mutanen ba su da yawa, amma tazarar ta isa ta sa aka sauya shawara, yanzu idan jini ya dawo shi ake so a ɗauko in akwai.

Bayan gyambo, ana amfani da kilif ga tsagewar da yunƙurin amai mai ƙarfi yake yi a ƙarshen maƙoshi, wadda takan sami mai laulayin ciki ko wanda ya sha giya ya yi ta kelaya, ko da yake yawancin irinta da kanta take warkewa. Akwai kuma wata jijiya mai kauri da takan leƙo ta lafiyayyen bangon tumbi ba tare da gyambo ba, wadda likitan Faransa Dieulafoy ya siffanta a 1898. Tana zubar da jini mai ban tsoro, ta ɓuya, ta sake dawowa. Idan aka dace da ganinta, kilif ɗaya ko biyu ya gama da ita.

Jinin da ba nasa ba ne

Wannan sashe na fi so mutanenmu su riƙe, domin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi ƙasashen da suka ƙera kilif ɗin.

A yankinmu aman jini da yawa ba daga gyambo yake ba, daga hanta yake. Duk jinin da ya taso daga hanji sai ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Idan hanta ta taurare, jinin ya rasa hanya, sai ya ja da baya ya cika ƙananan jijiyoyin maƙoshi, su kumbura su yi jere kamar igiya, bangonsu ya yi siriri. Rana ɗaya ɗaya ta fashe, mutum ya cika kwano da jini yana zaune.

Abu biyu ne suke kai mutanenmu ga haka. Na farko ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi katutu a arewacin Kamaru da Cadi, yawanci mutum yana ɗauka tun yana jariri ko yaro, ya zauna shiru shekara 20 ko 30 yana cin hanta. Na biyu tsutsar da ke shiga fata daga ruwan da katantanwa take ciki. Mun fi sanin wadda take sa yaro fitsarin jini, tsargiya. Tana da 'yar'uwa da take zama a jijiyoyin hanji, ƙwayayenta su maƙale a hanta, saifa ta kumbura. Masunta a tafkin Lagdo da Maga, manoman shinkafa a wajen Yagwa, yaran da suke wanka a gefen Binuwai da Logon, duk suna cikin wannan haɗari.

Irin waɗannan jijiyoyi ba a kama su da kilif. Abin da ake yi shi ne a tsotso jijiyar cikin hula a bakin na'urar, a sakar mata zoben roba a wuya, ta shaƙe ta bushe ta faɗi bayan kwanaki. Idan a cikin tumbi take, a yi mata allurar wani gam da ke daskarewa nan take. Ana haɗawa da allurar da ke rage matsin jinin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a riƙa dawowa ana ƙara robar har jijiyoyin su ƙare, mutum kuma ya riƙa shan ƙwaya irin su furofaranolol. Saboda haka idan ɗan'uwanka ya yi aman jini aka ce roba za a sa masa, kada ka ce an hana shi abin da aka yi wa wane. Ciwon ne daban. Daga waje jinin iri ɗaya ne, ba mai iya rabewa sai an leƙa, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa na'urar take da muhimmanci tun kafin a zo maganar kilif.

Ɓula da yoyo

Aiki na biyu na kilif shi ne rufe ɓula. Ana jera su ɗaya bayan ɗaya a bakin ɓular, kowanne ya haɗa gefe da gefe, kamar yadda baduku yake haɗa bakin fata. A ƙa'idar likitocin Turai, ɓular da ba ta kai santimita 1 ba ƙananan kilif sun ishe ta, wadda ta fi haka har zuwa wajen santimita 2 sai babba.

Amma wace irin ɓula? Wadda ta faru a gaban idon likita ce, yana tsakiyar aiki, misali yana yanke wani tsiro a babban hanji sai bango ya ɓule. Hanjin a wanke yake, bakin raunin sabo ne, an gani nan take an rufe kafin ƙazanta ta zuba. A da wannan sai tiyata, yanzu da yawa ana rufe su a wurin, a hana mutum abinci na ɗan lokaci, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, a sa masa ido.

Ɓular da muka fi gani a ƙauyukanmu ba ita ba ce. Yaro ya yi sati biyu ko uku da zazzaɓin taifot, sai cikinsa ya ɗaure kamar allo, ba ya bari a taɓa. Ko magidanci mai olsa ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙahon zuci. Waɗannan kafin su iso asibiti abin da ke cikin hanji ya riga ya malala cikin kogon ciki, ya fara ruɓa. Ɓular taifot ma a can ƙarshen ƙaramin hanji take. Ko da an rufe ta daga ciki, wa zai wanke abin da ya zuba? Dole a buɗe, a wanke, a ɗinke. Ina faɗin wannan da ƙarfi ne domin na fara jin mutane suna cewa su ba za su yarda a yanka ɗansu ba, tunda yanzu akwai aikin da ba a yanka. Duk awar da aka ɓata ana wannan gardama, daga ran yaron ake cire ta.

Akwai kuma yoyon da kan biyo bayan tiyata, inda aka haɗa hanji da hanji ɗinkin ya saki, da tsohuwar ƙofa da ta buɗe tsakanin hanji da fata ko wata gaɓa, irin yadda yoyon fitsari yake ga mata. Wani nazari da ya tattara marasa lafiya 188 daga asibitoci da dama, aka wallafa a 2014, ya nuna babban kilif ya rufe sabuwar ɓula a kusan 9 cikin 10, yoyon ɗinki kimanin 7 cikin 10, tsohuwar ƙofa kuwa bai kai rabi ba. Nama idan ya tsufa ya taurare ba ya son haɗewa.

Wani lokaci ana sa kilif don rigakafi. Idan aka yanke babban tsiro a hanji, mai santimita 2 ko fiye, wurin yakan yi jini bayan kwanaki. Wani babban bincike na 2019 ya nuna rufe wurin da kilif ya rage wannan daga kimanin 7 cikin 100 zuwa 3.5, kuma amfanin ya fi fitowa a ɓangaren dama na babban hanji. Ƙananan tsiro ba sa buƙata.

To ina ƙarfen yake zuwa?

Amsar Goggo ke nan. Ba ya tsatsa, domin da irin ƙarfen da ake sa wa mutane a karaya ake yinsa. Ƙaramin a fatar ciki ta sama kawai yake riƙe, ita kuwa wannan fata kullum sabuntawa take yi. Yayin da gyambon yake warkewa, naman da ya kama yakan saki, kilif ɗin ya faɗi ya bi bayan gida, yawanci cikin makonni kaɗan, mutum bai ma sani ba. Wani yakan zauna watanni, wani har shekaru, ba tare da ya dami kowa ba. Babban yakan fi daɗewa, in kuma ya zama dole a cire shi akwai na'urar da take yanka shi ta cikin endoskop ɗin. Mutum ba ya jin sa, ba ya hana cin tuwo, ba ya hana ruku'u da sujada.

Abu ɗaya ne ake kiyayewa. Akwai na'urar hoto mai ƙarfin maganaɗisu, wadda takardun asibitinmu suke rubutawa IRM. Wasu tsofaffin kilif ba a yarda a shiga da su cikinta ba, yawancin sababbi kuma an yarda bisa sharuɗɗa. Don haka a ajiye takardar aikin, wadda ta faɗi irin kilif ɗin da ranar da aka sa shi, a nuna ta kafin a shiga. Hoton ƙirji da sikana da na duban ciki ba su da wannan matsala.

Gardamar masu aikin lafiya

Tsakanin ma'aikatan lafiya na yankinmu ma akwai saɓani, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa a kawo shi ko'ina suna duba mutumin da ya zubar da jini mai yawa, tsoho ko mai ciwon suga, wanda tiyata a wannan hali haɗari ce babba. Aikin minti talatin ya tsame shi daga sa barci mai nauyi, da ciwon ɗinki, da wata guda na jinya. Ga direba ko manomi, wata guda ba ƙaramin abu ba ne.

Masu cewa a bi sannu suna duba abin da ke ƙasa. Kilif daga waje ake shigo da shi, sau ɗaya ake amfani da shi, gyambo ɗaya kan ci biyu ko uku, kuma a tsarinmu dangi ne suke biyan kusan komai daga aljihu. Na'urar tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da wanki na ƙa'ida bayan kowane mutum, abin da ba wasa ba ne a inda ciwon hanta ya yi yawa. Idan ta lalace, gyaranta ba a Garwa ko Marwa yake ba. Likitocin ciki kuma sun fi taruwa a Yawunde da Duwala da Injamena, mai zubar da jini daga Mokolo ko Gider ba zai jira jirgin ƙasan dare na Gaundere ba.

Ni ina ganin tsarin abin shi ne jini tukuna, sai na'ura da hannun da ya iya ta, sai roba, sannan kilif. Ba a leƙa cikin wanda jininsa ya ƙare, sai an fara tsayar da shi da ruwa da jini. Binciken da aka yi a Basalona ta Sifen, aka wallafa a 2013, ya nuna ba a buƙatar cika mutum da jini, jira har awon jininsa ya sauka ƙasa da 7 kafin a ƙara ya fi ceton rai ga yawancin marasa lafiya. Wani na Hong Kong a 2020 ya nuna leƙawa cikin awa 6 ba ta fi leƙawa cikin awa 24 rage mutuwa ba. Wannan labari ne mai daɗi gare mu, domin ma'anarsa akwai lokacin da za a daidaita mutum a ƙaramin asibiti sannan a kai shi inda na'ura take. Amma sai da leda biyu ko uku a firij, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da Baffa ya faɗi, sai da muka bi samarin unguwa gida gida muna roƙon jini.

Bayan an sallamo mutum

Kilif ya rufe jijiya, bai taɓa abin da ya haƙa gyambon ba. Kwana ukun farko su ne na haɗari, a cikinsu jini ya fi dawowa, shi ya sa ake riƙe mutum ana ba shi maganin rage tsamin ciki irin su omefurazol ta jijiya, daga baya ya ci gaba da ƙwaya makonni. Idan jinin ya dawo ana sake leƙawa, in abin ya gagara a tafi tiyata, kuma wannan ba ya nufin aikin farko kuskure ne.

Masu haƙa gyambo manya biyu ne. Na ɗaya wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a tumbi, helikobakta, wadda likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ta da kansa ya kamu, daga baya aka ba su kyautar Nobel a 2005. An ƙiyasta kimanin mutum 7 cikin 10 a Afirka suna ɗauke da ita, yawanci tun yarinta. Ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 14, kuma sai an sha har ƙarshe, sannan a sake gwaji bayan aƙalla wata guda a tabbatar ta mutu. Gwajin da aka yi ranar zubar jini yakan ce babu alhali akwai, don haka a maimaita. Idan gyambon a tumbi yake, ana sake leƙawa bayan sati 6 zuwa 8, domin wani ciwon daji yakan zo da kamannin gyambo.

Na biyu su ne magungunan ciwon jiki, diklofenak da ibufurofen da asfirin da danginsu, waɗanda ake sayarwa a faranti a kowace tasha, wurin masu tallar magani da a Cadi ake kira dokta cuku. Suna rage kariyar da bangon tumbi yake yi wa kansa. Wanda ya taɓa zubar da jini ya rabu da su, in ciwo ya matsa ya sha farasitamol, ya kuma riƙa tambaya, domin haɗe haɗen da ake ƙullawa a leda don gajiya sau da yawa da su a ciki. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda zuciya ko shanyewar jiki shi kuma kada ya daina da kansa, likitan ne zai faɗa masa ranar da zai koma. Kanwa da nono suna lafar da zafin ƙirji na ɗan lokaci, ba sa warkar da gyambo. Taba kuwa tana hana shi warkewa.

Ƙwayar ƙarin jini tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Na jini yana da danƙo da sheƙi da wari mai tsanani, kuma yana zuwa da jiri, da bugun zuciya, da fari a tafin hannu da cikin ido. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a ranar, ya tafi da waɗanda za su iya ba da jini.

Gwajin Baffa ya nuna yana da ƙwayar cutar. Ya sha maganin kwana 14, sai da Goggo ta tsaya a kansa a sati na biyu da ɗacin baki ya ishe shi. Satin da ya wuce, zai koma hanya, na shiga gaban motar na buɗe akwatin da yake ajiye takardu, na tarar da sauran katin diklofenak guda uku. Na ce, "Baffa, waɗannan zan tafi da su." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in ɗauka, amma in nemo masa wanda zai duba masa bayan nan, domin daga Garwa zuwa Kuseri da wannan ciwo ba abu ne mai sauƙi ba. Mun sami rana a wurin likitan ƙashi ranar Talata mai zuwa.